Abiyu da Kasuwar Dashe: Abin da Ya Kamata Mai Jari a Kagoma Ya Duba Kafin Ya Haƙa Rami

KAFANCHAN — Tun bayan annobar ruɓewar citta da ta afka wa gonaki a ƙananan hukumomin Kachia, Kagarko, Jaba da Jema'a a daminar shekarar 2023, magidanta da 'yan kasuwa a kudancin Jihar Kaduna sun ga irin haɗarin da ke tattare da ɗora tattalin arzikin gida a kan amfanin gona guda ɗaya. Iyalai da dama a wannan yanki da kuɗin citta suke biyan kuɗin makaranta, su yi rufin ɗaki, su aurar da 'ya'ya, sai ga shi a cikin 'yan makonni abin da aka binne a ƙasa ya ruɓe, har irin shuka ya yi wuyar samu.

Ɗaya daga cikin hanyoyin rage wannan haɗari ita ce dasa itatuwa masu 'ya'ya a harabar gida da gefen gona. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Kagoma, wadda mutanenta ke kira Gwong, domin mangwaro da lemo da gwaiba da kwakwar manja da atili sun daɗe suna tallafa wa gidaje a yankin. Sabon abin shi ne yadda sunayen baƙin itatuwa na ƙasashen waje suke isowa ta wayoyin hannu, tare da hotuna masu ɗaukar ido. Daga cikinsu akwai wata itaciya da ake kira abiyu, wadda ta cancanci a yi nazarinta, domin ƙa'idar zaɓenta ita ce ƙa'idar zaɓen kowace itaciyar da ake dasawa don riba.

Asalin itaciyar da danginta

Asalin abiyu dazuzzukan kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, wato yankunan ƙasashen Brazil da Peru da Kolombiya da Ekwado, kuma masana tsirrai suna kiranta Pouteria caimito. Daga can aka kai ta arewacin Ostireliya da Malesiya da Taiwan da wasu sassa masu ɗumi na Amurka. Ɗanta ruwan ɗorawa ne idan ya nuna, fatarsa sumul, girmansa ya kama daga na ƙwan kaza zuwa na babban lemo. Naman cikinsa fari ne mai sheƙi da santsi, yana da zaƙi sosai ba tsami, kuma akan sami ƙwallo ɗaya zuwa huɗu a ciki. A fatarsa akwai wani farin danƙo da ke manne wa leɓe, musamman idan bai gama nuna ba.

Duk wanda ya san agwaluma, wadda ke cika kasuwanninmu daga watan Disamba zuwa Afrilu, ba zai ji wannan bayani baƙo ba. Abiyu da agwaluma da kaɗanya duk dangi ɗaya ne a wurin masana, shi ya sa dukkansu suke da wannan danƙo.

Akan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to amma wannan karin magana ba ta cika aiki a kan ƙwallon itace ba. Ƙwallon abiyu yana ɗauke da gadon uwa da na uban da ƙwari suka kawo garin furensa, don haka ƙwallaye goma daga itaciya guda suna iya ba da itatuwa goma masu hali daban-daban: wata mai manyan 'ya'ya, wata mai ƙanana cike da ƙwallo, wata mai yawan danƙo, wata kuma ta yi ta fure ba ta riƙe ɗa. Mai sayen agwaluma ya san haka, domin yakan tambaya ko mai zaƙi ce ko mai tsami. Haka nan wanda ya shuka ƙwallon mangwaro irin su Julie ko Kent ya san ba lalle ne ya sami irin abin da ya sha ba.

Irin abiyu masu kyau da ake da su a yau sakamakon zaɓe ne na tsawon lokaci. Al'ummar Tikuna da ke zaune a inda iyakokin Brazil da Kolombiya da Peru suka haɗu sun yi zamani bayan zamani suna ware itatuwa masu manyan 'ya'ya, har suka sami waɗanda ɗa guda ke kusantar kilo ɗaya. A jihar Queensland ta Ostireliya kuma manoma sun tace waɗansu iri da aka sanya wa suna Gray da Z2 da Z4. Ana riƙe halin irin waɗannan ne ta hanyar aure, wato a yanko reshen itaciyar da aka yarda da ita a ɗaura shi a kan gindin wani dashe, kamar dai yadda ake yi wa mangwaro da lemo.

Matsalar kasuwar dashe

A nan ne maganar ta zama ta tattalin arziki. A shekarar 1970 wani masani Ba'amurke, George Akerlof, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 2001, ya yi bayani a kan kasuwar tsofaffin motoci, inda mai sayarwa ya san aibin motarsa amma mai saye bai sani ba. Ya nuna cewa a irin wannan kasuwa mai saye ba ya yarda ya biya farashin kaya mai kyau, tun da ba ya iya bambance shi, daga nan sai masu kaya mai kyau su janye, marar kyau ya cika kasuwa.

Kasuwar dashe ta fi ta motoci tsanani ta wannan fuska. Mota akan gane aibinta a cikin mako guda, amma abiyu da aka shuka daga ƙwallo takan ɗauki shekara uku zuwa huɗu kafin ta fara 'ya'ya, mai aure kuwa takan riga ta da shekara ɗaya ko biyu. Kafin mai saye ya gane abin da aka sayar masa, mai sayarwa ya daɗe da tashi daga bakin titin da aka yi cinikin. Dashe mai kyau da marar kyau kuwa duk ganyensu kore ne a cikin leda.

Bugu da ƙari, kuɗin dashe shi ne mafi ƙanƙanta a cikin jarin. Babban jarin shi ne filin da itaciyar za ta mamaye, da ruwan da za a yi ta ɗorawa a kai kowane rani, da taki, da shinge saboda awaki, da shekarun jira. Alal misali, a ce mutum ya dasa guda goma, bayan shekara huɗu ya tarar uku ne kawai ke da 'ya'yan da za su sayu, to kowace ɗaya daga cikin ukun nan ta ci ɗawainiyar fiye da itatuwa uku. Dashen da ya ninka wani tsada amma aka san asalinsa shi ne mai rahusa a ƙarshen lissafi. Araha dai ba ta ado.

Yadda ake zaɓe

Saboda haka ciniki yana farawa ne daga uwar itaciya. Ya kamata mai saye ya nemi a kai shi ya ga itaciyar da aka yanko reshe ko aka ɗebo ƙwallo daga gare ta, a lokacin da take ɗauke da 'ya'ya. Ya yanka ɗa ya ɗanɗana, ya duba kaurin nama, da yawan ƙwallo, da yawan danƙo, da ko naman yana saurin rinewa bayan yanka. Ya tambayi shekarunta, da ko kowace shekara take bayarwa, da ko ita kaɗai ce a wurin, domin waɗansu itatuwan abiyu suna 'ya'ya su kaɗai, waɗansu kuwa sai da wata a kusa. Dalili ke nan da ya sa ya fi kyau a dasa biyu ko uku masu asali daban. Mai renon dashen da ya kasa nuna uwar kayansa, ko ya faɗi inda take, ya riga ya ba da amsa.

Bayan uwa sai dashen kansa. Idan an ce mai aure ne, tilas a ga tabon ɗaurin a jikin kara, ya warke sarai, kuma babu wani toho da ya fito daga ƙasan tabon. A duba ƙasan leda: dashen da ya daɗe a ƙaramar leda saiwarsa takan nannaɗe, kuma irin wannan ba ya kafuwa da kyau ko an dasa shi. Matsakaicin dashe mai ƙarfin kara da sabon toho ya fi dogo siriri da ya yi shekaru yana jiran mai saye.

Har ila yau, akwai abin lura game da ƙwallon. Ƙwallon abiyu, kamar na kaɗanya, ba ya jure bushewa. A cikin 'yan kwanaki bayan an fitar da shi daga ɗa ake shuka shi. Busasshen ƙwallon da ya yi makonni a hanya cikin ambulan yawanci matacce ne. Daɗin daɗawa, shigo da iri ko dashe daga ƙasashen waje yana bukatar takardar izini daga Hukumar Killace Kayan Gona ta Ƙasa, wato NAQS. Yankin da ya ga abin da cuta ta yi wa citta ba ya bukatar dogon bayani a kan hikimar wannan doka.

Ƙasa da yanayi

Kudancin Kaduna yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a arewacin ƙasar nan, inda a kewayen Kafanchan da duwatsun Kagoro akan sami kimanin milimita 1,500 ko fiye a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba. To amma abiyu 'yar daji mai laima ce da ba ta saba da dogon rani ba, ba ta kuma son busasshiyar iska. Watanni biyar na rani da hunturu, daga Nuwamba zuwa Maris, su ne jarrabawarta a Kagoma. Wanda ba shi da rijiya ko rafi da ba ya ƙafewa, gara ya sa kuɗinsa a mangwaro ko kashu, waɗanda suka saba da rani.

Wanda yake da ruwa kuwa, sai ya zaɓi wurin da gini ko wasu itatuwa suka kare daga iskar arewa maso gabas, mai ƙasa da ba ta riƙe ruwa, ya bar tazarar mita bakwai zuwa takwas daga gini. A yi dashe a watan Mayu ko Yuni bayan damina ta zauna, a yi wa ƙaramin dashe 'yar rumfa, a rufe gindinsa da busasshiyar ciyawa da rani. Idan ta girma a riƙa rage mata tsawo domin a iya tsinke 'ya'yan da hannu.

Lissafin kasuwa

Ta fuskar ciniki, abiyu tana da rauni biyu. Ɗanta ba ya jure gwaruwa, inda duk ya bugu sai wurin ya rine, kuma ba ya daɗewa bayan tsinka, don haka ba kayan da za a zuba a buhu a ɗora wa babbar mota ba ne. Sa'an nan ƙudan 'ya'yan itace, musamman baƙon nau'in nan na Asiya da aka fara gani a Kenya a 2003 ya kuma bazu zuwa Afirka ta Yamma, wanda ke ɓarna a mangwaro, yana son irin wannan ɗa mai zaƙi. Amfanin da Kagoma ke da shi shi ne matsayinta a kan hanyar Kafanchan zuwa Kwoi, wadda ke sadar da ita da Keffi da Abuja, ga kuma Jos da Kaduna, biranen da ake samun masu sayen baƙon abu da daraja. Duk da haka, kayan da jama'a ba su sani ba sai an koya musu cinsa, kuma wannan ma wani jari ne.

Abin da lissafi ya nuna shi ne a fara da kaɗan. Itatuwa biyu zuwa biyar a harabar gida sun isa gwaji. Wadda ta yi fice a cikinsu bayan ta yi 'ya'ya shekara biyu ko uku a jere, ita ce za ta zama uwa. A nan ne ma babbar dama take ga mai hangen nesa, domin a kasuwar da amana ta yi ƙaranci, mai gandun renon da ke da adireshi tsayayye, da uwayen itatuwa da kowa zai iya gani, da littafin da ke nuna asalin kowane dashe, yana iya sayar da kayansa da daraja. Ana iya neman shawara da horo a kan aure daga Cibiyar Binciken Kayan Lambu da 'Ya'yan Itatuwa ta Ƙasa, wato NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975 kuma take da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, ko daga malaman gona na jiha.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya ga baƙin itatuwa ba. Tun a shekarun 1970 Farfesa Jonathan Okafor ya nuna a Enugu cewa ana iya yi wa itatuwan dajinmu aure su yi 'ya'ya da wuri, kuma a shekarun 1990 cibiyar ICRAF ta sanya agwaluma cikin itatuwan Afirka da suka cancanci a tace irinsu tare da manoma. A ƙauyukan Kagoma da maƙwabtanta akwai mangwaro da atili da lemo da kowa ya san sun fi na sauran gidaje, kuma yawancinsu za su tsufa su mutu ba a ɗauki reshe ko ɗaya daga jikinsu ba. Ɗan kasuwar da ya fara rubuta inda irin waɗannan itatuwa suke, ya kuma koyi ɗaura reshe, ya sami jarin da ba ya bukatar kuɗin ƙasashen waje ko takardar izinin shigo da kaya.