An sayi gigabayit huɗu, ana ganin uku

Yawancin tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ake gani a Madawa, Buza da Keita na hannu ne, sun gama aiki a Turai ko Amurka kafin 'yan kasuwa su kawo su jihar Tawa. Ɗauki irin Dell Latitude D630 ko ThinkPad T60 ka duba gefenta: akwai wata siririyar kafa mai faɗi, sau da yawa a toshe da robar da ke hana ƙura shiga. Kafar kati ce. Ƙungiyar PCMCIA, wadda aka kafa a 1989, ita ta tsara katin, tsawonsa milimita 85.6, faɗinsa 54. A 1995 aka fito da CardBus mai saurin aiki, a 2003 kuma ExpressCard ta biyo baya. Ta wannan kafa ake ƙara wa kwamfuta wayfai ko bakunan USB, abin da har yau ke da amfani idan nata na asali sun mutu.

Rigimar da ta fi tasowa tsakanin mai saye da mai gyara ita ce ta RAM, wato ma'adanar aikin kwamfuta, kuma kafar katin ma tana da hannu a ciki. An biya kuɗin gigabayit 4, an kunna, allo ya nuna 3 da ɗoriya, sai a ce mai gyara ya yi coge. Sau da dama ba shi da laifi.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta ba ta kiran komai da suna, da lambar adireshi take magana. Babbar manhaja mai bit 32, kamar tsohuwar Windows XP da aka saba da ita, adireshi 4,294,967,296 take iya kira, daidai gigabayit 4. Daga cikin wannan adadi ne RAM da katin hoto da na intanet da guntun da ke kula da kafar kati, irin na Texas Instruments ko Ricoh, duk za su samu rabo. Kamar kasuwa ce mai ƙayyadaddun rumfuna: duk rumfar da sarkin kasuwa ya ba wani, RAM ta rasa wurin baje kayanta a nan, ko da kayan na nan lafiya lau. Katin hoto ne ma ya fi kowa cin wuri.

Da an kunna, BIOS, ƙaramar manhajar da ke tada kwamfuta, ke fara rabon, sannan babbar manhaja ta duba ta gyara. Tana rubuta jerin lambar 1 a wani ɗan ma'aji na kowace na'ura, ta karanta abin da ya dawo, daga nan ta san yawan wurin da na'urar ke nema. Kafar kati ita ce mai wuyar sha'ani, domin lokacin rabon babu komai a cikinta, kuma ana iya cusa kati kwamfuta na tsakiyar aiki. Dole a ware mata wuri ba tare da an san wa zai zo ba. Guntun CardBus yana da tagogi biyu na adireshin ma'adana da biyu na shige da fice. A Linux, inda direban ke amsa sunan yenta_socket, an saba ware megabayit 64 na ma'adana da bayit 256 na shige da fice, kuma wanda ya ƙware yana iya faɗaɗa na farkon da umarnin cbmemsize.

Idan katin ya nemi fiye da abin da aka ware, ko BIOS ya bar rabon a hargitse, Windows kan ɗora alamar ruwan ɗorawa a kan sunan katin a cikin Gestionnaire de périphériques, da Code 12, wato babu isasshen wuri. A nan ne ake jefar da kati mai lafiya. Kafin a kai ga haka, a shiga BIOS a kashe abin da ba a amfani da shi, kamar tsohon bakin firinta da modem na wayar tarho, waɗanda ke riƙe da nasu rabon a banza. Sabunta BIOS ma yana magani, amma ban ba kowa shawarar ya taɓa shi da mataccen batir ba. Wuta ta ɗauke ana tsaka da aikin, kwamfutar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Manhaja mai bit 64 tana warware matsalar RAM ɗin, amma ba a kowace kwamfuta ba. D630 za ta ga gigabayit 4 ɗinta, don guntunta na Intel 965 yana iya mayar da ragowar RAM ɗin sama da waccan iyaka ta gigabayit 4. T60 mai Intel 945 kuwa ba ta wuce wajen 3, ko wace manhaja aka zuba mata, don haka mai ita ya sayi sandar RAM mai gigabayit 2 da mai 1 ya riƙe sauran kuɗinsa.