Bindigar Roba Da Idon Ɗanki

Da zarar Salla ta matso za ki ga yara maza sun cika layi da bindigogin roba, irin waɗanda ake ɗura wa 'yan ƙwayoyi su riƙa fita da ƙarfi. Sau da yawa da kuɗin barka da salla yaro ke saye, ke kuwa sai dai ki ce wasan yara ne. To, a wannan mako ina so mu duba inda wannan wasa ya samo asali, da irin dokokin da masu shi suka gindaya masa, don ki auna da abin da ake yi a ƙofar gidanki.

A ƙasar Japan aka fara shi wajen farkon shekarun 1970. Dokar ƙasar ta 1958 ta tsananta ƙwarai a kan mallakar bindiga, sai masu sha'awa suka koma ƙera mai kama da ta gaske, wadda ke harba ƙwayar roba da iska. Faɗin ƙwayar milimita 6 ne, watau ta ɗan ɗara ƙwayar dawa. Daga can wasan ya bazu zuwa Ingila da Amurka, inda ake kiransa eyasof. Ƙarti ne majiya ƙarfi ke rabuwa gida biyu a wani kewayayyen fili, su yi yaƙin ƙarya, da alkalin wasa yana tsaye a kansu.

Babbar dokarsu ita ce ta ido. Ba mai shiga fili sai da tabarau na musamman da aka gwada ƙwarinsa, wanda ke manne wa fuska ta kowane gefe. Tabarau na rana ko na karatu ba ya shiga lissafi, don shi kansa yana iya tarwatsewa ya faɗa idon. Ko gumi ya rufe gilashin, ba a cire shi sai an fita. In kuwa na wani ya faɗi, sai a ƙwala kira, kowa ya tsaya cik har ya mayar. Filaye da yawa kan tilasta wa yara rufe fuska duka, saboda ƙwayar tana karya haƙori.

Kafin a soma kuma ana auna ƙarfin kowace bindiga da na'ura. A Ingila filaye da dama ba sa yarda wa mai sarrafa kanta ta wuce ƙafa 350 a daƙiƙa ɗaya, watau ƙwayar tana fita da gudun da zai ratsa tsawon filin ƙwallo kafin ki ƙifta ido sau biyu. Mai bindigar da ta fi haka ƙarfi ba ya harbin wanda ke kusa da shi. Ba a miƙa hannu ta bayan bango a yi harbi ba tare da an ga abin da ake nufa ba. Wanda aka samu ya ɗaga hannu ya fita, ba a ƙara masa. A wurin hutawa kuwa sai an cire gidan ƙwayoyi, an harba wadda ta saura a ƙasa, sannan a shiga.

Yanzu fa ki dubi namu. Gaskiya ne yawancin bindigogin kasuwa ba su kai waɗancan ƙarfi ba, amma namu yaran a taku biyu suke harbin juna, ba tabarau, ba alkali, ga jariri goye a bayan yayarsa tana wucewa. A ganina namu ya fi nasu haɗari. A Afganistan, bayan ƙaramar Salla ta 2015, yara fiye da 100 aka kai asibiti da raunin ido, har hukuma ta hana sayar da bindigogin wasa.

Akwai kuma wani haɗarin da ba na ido ba. A Amurka doka ta ce a sa wa bakin bindigar wasa launin ruwan lemo don a bambanta ta da ta gaske. A watan Nuwamba na 2014, a birnin Cleveland, ɗan sanda ya harbe wani yaro ɗan shekara 12, Tamir Rice, yana riƙe da irin wannan bindiga wadda alamar ta fita daga bakinta, ya rasu washegari. A Ingila ma tun dokar 2006 laifi ne a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Saboda haka kada ki bar ɗanki ya fita titi da baƙar bindiga, balle da almuru, balle kusa da shingen jami'an tsaro.

In tsautsayi ya auku ƙwaya ta sami ido, kada a murza. Kada ki ɗiga nono, ko ruwan sukari, ko ki sa kwalli, ko da wace tsohuwa ce ta ba ki shawara. Ki yanke gindin kofin roba mai tsabta ki kifa a kan idon ba tare da ya danne shi ba, ki manne da filasta. Yaron ya zauna kansa a sama, kada a ba shi asfirin don yana ƙara zubar jini, a nufi asibiti a ranar. Ko ya ce yana gani sarai a tafi, don jini kan taru a gaban baƙin ido, ya sake ɓallewa bayan kwana biyu zuwa biyar. In yaron sikila ne, ko yana ɗauke da ita, lalle ki faɗa wa likita tun kafin ya tambaya, domin a wurinsu wannan jini ya fi saurin lalata jijiyar gani. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, amma a fara da wanda ya fi kusa.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, ku ke riƙe da ƙanne ranar Salla yayin da iyaye ke fama da girki da baƙi. In kun ga an fara harbe-harben nan a layi, ku janye ƙananan zuwa cikin gida, ku kuma share ƙwayoyin da suka zube a tsakar gida, don mai rarrafe yana iya cusa su a hanci ko kunne.