YOYON JIRGIN ALMINIYAM: LIƘA KWALTA BA GYARA BA NE

A cikin watan Yuni na shekarar 2023 mutane fiye da 100 suka halaka a Kogin Kwara, kusa da Patigi, sa'ad da jirgin da ya ɗauko su daga wurin biki ya kife. Galibin jiragen fito na ƙasar nan na katako ne, shi ya sa wanda ya mallaki na alminiyam, watau gorar-ruwa, yakan ɗauka ya huta da fargaba. Gaskiya ne alminiyam ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, kuma nauyinsa kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe. Amma fa shi ma yana tsufa, in ya tsufa kuwa yoyo yake yi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a bi da shi kamar kwalekwalen katako, a cusa tsumma a shafe da kwalta. Katako yakan kumbura cikin ruwa ya matse abin da aka cusa masa. Alminiyam kuwa ba ya kumbura, sai dai ya lanƙwashe ya miƙe duk sa'ad da igiyar ruwa ta buge shi, har kwaltar ta ɓamɓare. Daɗin daɗawa, kwalta tana rufe ɓarnar, maigidan jirgi bai gani ba balle ya gyara.

Abubuwa uku ne ke kawo yoyo. Na farko, ƙusoshin ribiti da suka haɗe fallayen jirgin sukan yi sako-sako saboda girgizar inji da jan jirgi bisa duwatsu. Na biyu, tsagewa, musamman a baya inda aka ɗaura inji. Na uku, zaizayewa: idan tagulla ko baƙin ƙarfe ya daɗe manne da alminiyam cikin ruwa, sai alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa, ya fitar da farin gari, daga bisani ƙananan ramuka su bayyana. Wannan ya fi tsanani a ruwan gishiri irin na Ikko da Fatakwal.

Kafin a taɓa guduma sai a san inda ruwan ke shiga. A fid da jirgi tudu, a ɗora shi bisa itatuwa, a bar bayansa ya bushe sarai, sa'an nan a zuba ruwa a cikinsa. Kada a cika shi, domin duro ɗaya mai lita 200 nauyinsa kilo 200 ne, yana iya lotsa gindin jirgin. Duk inda aka ga ɗigo daga waje, sai a zagaye shi da alli.

Gyaran ribiti aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya tokare kan ƙusar da dunƙulen ƙarfe mai nauyi, ɗayan ya daddoki ƙarshenta a hankali har ta baje ta kama. Wadda ta cinye kuwa sai a huda a fitar, a sa sabuwa wadda ta ɗan fi ta kauri. Lalle ne sabuwar ta zama ta alminiyam. Wanda ya sa noti na baƙin ƙarfe don araha, ya toshe rami ɗaya ya shuka goma.

Ita kuwa tsaga, sai a fara huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba da tafiya, kana a yi mata faci da fallen alminiyam, ko a kai ta walda. A nan akwai hattara. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke kamar yadda maƙeri ya saba gani a baƙin ƙarfe. Bugu da ƙari, akwai wata siririyar fata a bisansa wadda ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, don haka dole a kankare ta tukuna. Saboda haka sai a nemi mai walda da iskar argon, ba kowane mai gyaran ƙofa ba. A kuma fitar da tankin fetur nesa kafin a kunna wuta.

Ƙananan ramuka ana iya cike su da gam mai haɗi biyu, bayan an goge wurin da samfefa an wanke maiƙo. Amma inda falle ya cinye har yatsa na iya lotsa shi, babu magani sai canji.

Lokacin wannan aiki shi ne bazara, kafin kogi ya kawo. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997 mai hedkwata a Lakwaja, tana da alhakin duba lafiyar jirage, amma maigidan jirgi ne ya san yawan ruwan da yaronsa ke kwarfewa kullum. Ran da aka ga kwarfar ta ƙaru, ran nan ya kamata jirgi ya hau tudu. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa kuwa, kan ƙusa guda ya ishe shi.