Tukunyar Alminiyam da Ƙwaƙwalwar Tsufa

A gidajen Potiskum tukunyar ƙasa ta ja baya, ta alminiyam ta gaje murhu. Da yawa daga cikinsu maƙera ne ke zuba su daga gwangwanaye da tsofaffin sassan injin mota da 'yan gwangwan ke tarawa. Shin ɗan abin da ke narkewa cikin miya shekara da shekaru yana taɓa ƙwaƙwalwa idan tsufa ya zo?

Zargin ya faro ne a 1965, lokacin da Igor Klatzo da abokan aikinsa suka yi wa zomaye allurar alminiyam a ƙwaƙwalwa, suka ga lalacewa mai kama da ta cutar mantuwa ta Alzheimer. Amma allura daban, cin abinci daban, shi ya sa aka koma ciyar da ɓeraye, waɗanda shekara biyu ke mayarwa tsofaffi. A 2002 Domenico Praticò a Amurka ya ba ɓerayen da aka sauya wa ƙwayar halitta abinci mai alminiyam, daskararren furotin na amiloyid, wanda ake gani a cutar Alzheimer, ya ƙaru a ƙwaƙwalwarsu, bitamin E kuma ya rage ɓarnar. Wasu gwaje-gwajen ba su ga hakan ba, kuma har yau ba a tabbatar alminiyam na jawo wa ɗan Adam wannan cuta ba.

Abin da hanji ke tsotsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙoda kuma ta fitar da shi. Nan hankalina ya fi tashi: idan ƙodar ta gaza fa? A shekarun 1970 masu wankin ƙoda sun riƙa ruɗewa, maganarsu na sarƙewa, saboda alminiyam ya taru a ƙwaƙwalwarsu. Jihar Yobe, inda Gashuwa ke kukan ciwon ƙoda, bai kamata ta yi sakaci da wannan ba.

Tsami ne ke cin tukunya: yakuwa, tsamiya, zoɓo, tumatir. Kanwa ma haka. Duk uwargidan da ta bar miyar yakuwa ta kwana a tukunya ta san yadda cikinta ke yin fes, har da ƙananan ramuka; abin da ya fita yana cikin miyar. Gara a juye a kwanon tangaran ko na sitil.

Tukunyar da aka zuba da tarkace kuwa tana da wata matsalar. Binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna irinta na sakin gubar dalma, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Ya dace hukumomin lafiya na Yobe su gwada tukwanen da ke kasuwarmu, su kuma nuna wa maƙera tarkacen da bai kamata a narka ba.