Matacin Imel da Yankewar Sadarwa Tsakanin Mai Amfani da Manhaja da Masu Kula da Ita

1.0 Gabatarwa

Tun zamanin mulkin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, Jihar Jigawa ta yi suna wajen zuba jari a fasahar sadarwa. Bayan kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, da kuma mayar da jarrabawar JAMB kan kwamfuta baki ɗaya a 2015, harkokin ilimi da dama a Dutse da kewayenta sun koma intanet. Rajistar ɗalibai da biyan kuɗin makaranta da shigar da sakamako duk da manhaja ake yin su. Idan manhaja ta cije, imel na cikin manyan hanyoyin kai kuka ga masu kula da ita. Wannan babi zai bayyana yadda matacin imel kan datse wannan hanya ba tare da sanin ɓangarorin biyu ba.

2.0 Ma'anar Matacin Imel

Saƙonnin banza su ne waɗanda ake watsa wa jama'a da yawa ba tare da sun nema ba, kamar tallace-tallace da wasiƙun damfara. Ana danganta farkonsu da shekarar 1978, lokacin da wani ɗan talla a Amurka, Gary Thuerk, ya aika wa mutane kusan 400 tallar kwamfuta a lokaci guda. Da abin ya yi ƙamari, sai aka ƙirƙiro mataci, wato manhajar da ke duba kowane saƙo kafin ya isa. Aikinsa tamkar na rariya ne: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. Saƙon da ya zarga yakan jefa shi cikin akwatin da aka rubuta wa Spam ko Junk, wani lokaci ma ya hana shi shiga gaba ɗaya.

3.0 Yadda Mataci ke Yanke Hukunci

Mataci yana dogara ne da ma'aunai kamar haka:

(a) Kalmomin saƙo. A 2002 Paul Graham ya yaɗa dabarar ƙirga kalmomi, inda mataci ke koyon waɗanda suka fi yawa a saƙonnin banza, sannan ya auna sabon saƙo da su.

(b) Mutuncin tushe. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus, wadda aka kafa a 1998, suna ajiye jerin na'urorin da aka kama suna watsa saƙonnin banza. Idan ɓarayi suka ƙwace akwati ɗaya a wata ma'aikata suka yi ɓarna da shi, ana iya sanya na'urar ma'aikatar cikin jerin, laifin mutum ɗaya ya shafi kowa.

(c) Hatimin mai aikowa. Tsare-tsaren SPF da DKIM da DMARC su ke tabbatar da cewa saƙo ya fito daga inda ya ce ya fito. Daga Fabrairun 2024, Gmail da Yahoo sun tsaurara wannan sharaɗi a kan masu aika saƙonni da yawa.

(d) Hukuncin masu karɓa. Duk lokacin da mutane suka yi wa wani adireshi alamar banza, darajarsa tana raguwa.

4.0 Yadda Sadarwa ke Yankewa

A ɗauki misalin malamin da ke kula da jarrabawa a wata sakandare a Kiyawa ko Birnin Kudu. Ya manta kalmar sirrinsa ana saura kwana uku a rufe shigar da maki. Sai ya rubuta wa masu manhajar, ya sa kanun saƙo da manyan baƙaƙe yana neman agajin gaggawa, ya maƙala takardar shaidar biyan kuɗi ta banki, ya kuma aika sau biyar a jere. Waɗannan alamomi duka mataci ya san su daga wasiƙun damfarar nan da ake kira 419, sunan da ya samo asali daga sashe na 419 na wata dokar laifuffuka ta Nijeriya. Ta haka mai gaskiya kan sha dukan da aka tanadar wa macuci.

Ko da saƙon ya isa, amsar ma tana iya maƙalewa. Galibi na'ura ce ke fitar da ita, da lafazi iri ɗaya ga kowa, ɗauke da mahaɗin sauya kalmar sirri, wanda yake cikin tarkunan da 'yan damfara suka fi kwaikwaya. Idan kuma kamfanin bai daidaita hatiminsa ba, zargin ya ƙaru.

Illar ita ce mataci ba ya yawan sanar da kowa. Malami yana ganin an wulaƙanta shi, masu manhaja kuma suna zaton matsalarsa ta warware tunda bai sake magana ba, har su rufe ƙorafin. Kafin a farga, wa'adin mahaɗin ya ƙare, ranar rufewa ta wuce, sakamakon ɗalibai ya makara. Gmail ma yakan goge abin da ya kwana 30 a akwatin banza, shaida ta ɓace ke nan.

5.0 Hanyoyin Kariya

Mai neman taimako ya kamata ya rubuta kanu gajere mai bayyana matsala, ya guji manyan baƙaƙe da maimaita aikawa. Ya ajiye adireshin masu manhajar cikin jerin abokan hulɗarsa, ya riƙe lambar ƙorafin da aka ba shi, ya kuma leƙa akwatin banza kullum. Idan ya tarar da amsa a can, ya fara tabbatar da adireshin da ta fito kafin ya danna komai, sannan ya yi mata alamar cewa ba ta banza ba ce, domin mataci ya koya. Kada ya taɓa rubuta kalmar sirrinsa a cikin imel.

Su kuma masu manhaja wajibi ne su daidaita hatiminsu, su riƙa duba nasu akwatin banzan, su raba adireshin talla da na amsa ƙorafi. Haka nan su tanadi hanya ta biyu, kamar lambar waya ko saƙon tes, kafin su rufe kowane ƙorafi.

6.0 Kammalawa

Ba a iya zama ba mataci, domin idan babu shi saƙonnin banza za su binne na ƙwarai. Sai dai na'ura ce, tana kuskure. Saboda haka malamin da ya aika saƙo ya ji shiru, ya fara bincikar hanya kafin ya zargi mutum, ya kuma koya wa ɗalibansa hakan tun kafin lokacin rajistar jarrabawa.

Tambayoyi

1. Kawo ma'aunai huɗu da mataci ke amfani da su, tare da bayani.
2. Rubuta gajeren imel na neman taimako wanda ya kiyaye ƙa'idojin da aka bayyana a 5.0.