Guzurin Sahara: Abin da Matafiyi Ke Tanada Kafin Ya Bar Gure

Garin Gure na jihar Damagaram yana kan babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta nufi Difa, kimanin kilomita 160 gabas da birnin Damagaram. Wanda ya juya arewa daga nan, ya bi ta yankin Kelle da duwatsun Kutus ya nufi Tasker, ya yi sallama da kwalta ke nan. Gaba da Tasker akwai dutsen Termit da rairayin Tin Tuma, wato gandun dajin da gwamnatin Nijar ta keɓe a 2012 mai faɗin murabba'in kilomita kusan 97,000 a lokacin. Can arewa kuma Tenere ce, da garuruwan gishiri da dabino, Fachi da Bilma. Masu bin wannan hanya iri-iri ne: fataken raƙuma, direbobin manyan motoci, ma'aikatan rigakafi, jami'an gandun daji. Ƙa'idarsu ɗaya ce. Abin da ba a ɗauka a Gure ko Tasker ba, ba za a same shi a gaba ba, ko da aljihu cike yake da kuɗi.

Shiri na farko zaɓen lokaci ne. Tun kaka da kakanni ayarin gishiri ba ya tashi sai bayan kaka, daga Oktoba zuwa tsakiyar hunturu, lokacin da raƙuma suka ƙoshi da ciyawar damina kuma rana ta yi sauƙi. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi kan haura digiri 45 a Kawar, yankin da Bilma take, kuma duk lissafin ruwa yakan ninka. Tafiyar da za ta iya jira, gara ta jira Nuwamba.

Ruwa shi ne ma'aunin tafiya, domin a Sahara ana ƙirga nisa ne daga rijiya zuwa rijiya. A lokacin sanyi babban mutum yana buƙatar lita huɗu zuwa biyar na sha a yini, ban da na girki da na injin mota. A bazara buƙatar takan kai lita goma ko fiye, saboda jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi, iskar hamada kuwa busasshiya ce ƙwarai, tana shanye gumin kafin ya jiƙa riga. Nan haɗarin yake: mutum na zubar da ruwan jikinsa bai gani ba. Shi ya sa masu sanin hanya ke duba fitsari maimakon jiran ƙishirwa. In ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jiki ya fara bushewa.

Ba a zuba ruwan tafiya a mazubi ɗaya. Tanki guda in ya huje, komai ya tafi a dare ɗaya, amma jarkoki masu lita 20 da aka rarraba tsakanin motoci ba sa lalacewa gaba ɗaya. Akan lissafa kwanakin tafiya, a ƙara musu aƙalla kwana uku na ko-ta-kwana. Salkar fatar akuya har yau ba ta rasa masu so ba, kuma da dalili: ɗan ruwan da ke tsattsafowa ta jikin fatar yana bin iska, ya bar na ciki da sanyi. Direbobi sun kwaikwayi wannan dabara da naɗe jarka da buhun algarara ana jiƙa shi. Sai guga da doguwar igiya, don rijiyar daji ba ta ajiye wa baƙo kayan ɗiba, wasunsu kuma zurfinsu ya wuce gaba ashirin. Ruwan wasu rijiyoyin yana da kanwa, yana sa gudawa ga cikin da bai saba ba, don haka a tafasa shi ko a jefa masa ƙwayar tsarkake ruwa, kodayake yin haka ƙwayoyin cuta kawai yake kashewa, ba ya cire kanwar.

Abin da ya fi ba sabon matafiyi mamaki shi ne sanyi. Kowa ya san zai haɗu da rana, kaɗan ne ke shirin dare. Sararin hamada ba gajimare, iskarta ba laima, saboda haka zafin da yashi ya tara da rana yakan tsere sama da zarar ta faɗi. A Disamba da Janairu sanyin asuba a Tenere da Bilma yakan sauko kusa da sifiri, ga iskar hunturu daga arewa maso gabas tana ƙara masa kaifi. Maganinsa tufafi ne bisa tufafi: ƴar ciki, riga mai dogon hannu, rigar ulu, sannan babbar rigar da iska ba ta ratsawa. Iskar da ta maƙale tsakanin riga da riga ita ke riƙe ɗumi, kuma idan hantsi ya dubi ludayi sai a riƙa cirewa ɗaya bayan ɗaya. Bargo biyu, safa, da tabarma ko shimfiɗa mai kauri, domin ƙasa ta fi iska jan ɗumin jikin mai barci.

Abin sha'awa, wannan shi ne ainihin shirin da kamfanonin jiragen ruwa ke rubuta wa masu yawon buɗe ido zuwa Antatika, nahiyar ƙanƙara ta kudancin duniya. Su kan tashi daga Ushuwaya a ƙasar Ajantina tsakanin Nuwamba da Maris, su yi kwana biyu suna ƙetare teku, kuma su ma tufafi kashi-kashi ake gaya musu su ɗauka, da baƙin tabarau, da man shafawa, da magungunan da za su ishe su har su dawo. Bambancin, ƙanƙara takan mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai cutar da ido, busasshen yashi kuwa wajen kashi 15. Duk da haka tabarau wajibi ne a Termit, saboda ƙura da ƙyalli. Rawani dai babu abin da ya kai shi. Buzaye da Tubawa ba don ado kaɗai suke naɗa shi ba: yana tare rana daga ƙeya, amawali yana tace ƙura yana kuma rage bushewar baki da hanci, da dare ya zama mayafi. Man kaɗanya a leɓe da dunduniya yana hana faso.

Abinci ba ya buƙatar dogon bayani, tunda fatake sun gama wannan bincike tuntuni. Gumba, dabino, cuku, kilishi, garin rogo da ƙuli-ƙuli, shinkafa da taliya, sukari da ganyen shayi. Dukkansu ba sa lalacewa, yawancinsu ba sa cin itace. Gawayi ko tukunyar gas daga gida ake zuwa da su, don ƴan itatuwan da suka rage a Termit inuwar barewa ne da makiyaya. Masu raƙuma kuma sukan ɗaure dammunan ciyawa, su riƙa ajiye wasu a zango-zango don su tarar da su a komowa.

Mota ɗaya ba ta shiga wannan daji. Biyu ne mafi ƙaranci, masu jan ƙafa huɗu, irin Land Cruiser da Hilux da makanikan yankin suka san cikinsu. Yashi mai laushi yana iya ninka shan mai, saboda haka lissafin kwalta ba ya aiki. Ana ɗaukar tayar safaya biyu, kayan faci, famfon iska, shebur, farantan ƙarfe na sakawa ƙarƙashin taya, igiyar ja, bel da matatun mai da na iska. Kafin a hau tudun rairayi akan rage iskar taya don ta baje ta daina nutsewa, a mayar da ita in an fito kan tsakuwa. Sakaci a nan ba ƙaramin abu ba ne. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da dama daga yankin Kance na wannan jiha ta Damagaram. Motocinsu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, suka watsu da ƙafa. Dokar da masu ceto ke nanatawa ita ce a zauna kusa da mota, a kafa inuwa, a huta da rana. Mota ana hango ta daga nesa, mutum ba a hango shi, kuma baƙin hayaƙin tayar da aka ƙona yana kira daga kilomitoci masu yawa.

Akwatin magani ya ƙunshi na zazzaɓi da ciwon kai, na cizon sauro, bandeji, maganin ido, da fakitin ruwan gishiri da sukari. In fakitin ya ƙare, ana haɗawa da lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya ɗauki ninkin abin da kwanakin ke buƙata. Rani lokacin sanƙarau ne a duk faɗin Sahel, don haka rigakafi kafin tashi ya dace. Takalmi kuma a kakkaɓe shi kowace safiya saboda kunama.

Saura takardu da mutane. Katin shaida da takardun mota dole ne, haka ma sanar da hukumar gunduma da jandarma hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran isa, domin ba a fita neman wanda ba a san ya tafi ba. Yanayin tsaro yana sauyawa, kuma baƙi ƴan ƙasashen waje sai da izini da rakiyar jami'an tsaro. Wayar salula takan mutu da zarar an yi nisa da garuruwa, sai wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya. Na'urar GPS tana nuna inda rijiya take, amma ba ta sanin ko ta ƙafe bana ko yashi ya binne ta. Wannan labari yana bakin makiyayan Tubawa da Larabawan yankin, shi ya sa ayarin motoci ma, kamar na raƙuma, ba ya barin Tasker sai da jagora ɗan ƙasa a kujerar gaba.