Kafin Ka Biya Kuɗin "Otomatik" Mai Araha, Dubi Lada XRAY Ta Rasha

Dattawan da suka san titunan Kano da Kaduna a shekarun 1970 da 1980 ba su manta da Lada ba, motar nan ta Tarayyar Sobiyet mai siffar akwati, wadda bakaniken bakin titi ke kwance injinta ya mayar kafin la'asar. Kamfanin da ya ƙera ta, AvtoVAZ, yana nan har gobe a birnin Tolyatti da ke bakin kogin Volga, inda aka kafa shi a 1966 da taimakon kamfanin Fiat na Italiya. Sai dai Ladar yau ta sake kama. Wadda nake so mu tsaya a kanta ita ce Lada XRAY, 'yar madaidaiciyar mota mai ɗan tashi daga ƙasa, ta wuce ƙaramar mota amma ba ta kai jif ba. An yi ta ne don mai ƙaramin ƙarfi a Rasha, aka kuma haɗa ta da kalmar da ke kwance wa mai saye aljihu a ko'ina, wato otomatik.

Mai karatu na iya cewa ina ruwansa da motar da da wuya ya gan ta a unguwarsu. Ruwansa shi ne, tarkon da ke cikin wannan kalma iri ɗaya ne ko a Mosko ko a Kwatano, kuma labarin XRAY ya fito da shi fili yadda kowa zai gane.

An fara nuna samfurinta a baje kolin motoci na Mosko a 2012. Wanda ya zana ta Baturen Ingila ne, Steve Mattin, wanda ya yi aiki da Mercedes-Benz da Volvo kafin ya koma Rasha, kuma shi ya kawo siffar harafin X da ke fuskar sababbin Lada. An fara ƙera ta a watan Disamba na 2015, ta shiga kasuwa a Fabrairun 2016, mafi arha a kan rubul 589,000. Idan aka tuɓe mata riga kuwa, Renault Sandero ce a ciki, domin a lokacin ragamar AvtoVAZ tana hannun Renault na Faransa. Cikinta ya tashi daga ƙasa da milimita 195, sannan a 2018 aka fito da XRAY Cross mai milimita 215.

Kada wannan tsayi ya ruɗi kowa. Tayoyin gaba kaɗai ke jan XRAY, har da Cross ɗin. Za ta tsallake rami, ta hau kunya ba tare da ta goga ciki ba, amma idan ta nutse a laka ko yashi, turi za a yi kamar kowace ƙaramar mota. Ladar da tayoyinta huɗu ke ja ita ce Niva, wadda ake ƙerawa tun 1977, ita kuma da giyar hannu take fitowa daga masana'anta.

Yanzu mu zo kan giyar, don nan ne gizo ke saƙar.

Otomatik ɗin da yawancinmu muka sani, irin ta tsofaffin Camry da Accord, tana da wani kasko cike da mai tsakanin inji da akwatin giya. Man nan shi ke miƙa ƙarfin inji a hankali, shi ya sa da ka ɗaga ƙafa daga birki motar ke fara rarrafe da kanta, kuma tana canza giya ba tare da ka ji komai ba. Tana da tsada wajen ƙerawa. AvtoVAZ ya so ya sayar da mota mai feda biyu a farashin talaka, sai ya ɗauki akwatin giyarsa na hannu mai giya biyar, ya ɗora masa wasu ƙananan injinan lantarki na kamfanin ZF na Jamus, tare da kwamfuta. Ɗaya yana taka kuloci, sauran suna tura giya. A takarda sunan wannan AMT. Direbobin Rasha kuwa "robot" suke ce masa, wato mutum-mutumi, kuma sunan ya dace, domin direban giyar hannu ne aka ɓoye a ƙarƙashin bonet yana yi maka aikin ƙafar hagu.

Saboda haka faifan kuloci yana nan daram, yana cinyewa kamar na kowace motar manuwal. Ga shi kuma wannan ɓoyayyen direba ba ya ganin hanya. Duk sanda zai canza giya sai ya yanke ƙarfin inji na ɗan lokaci, motar ta yi kamar ta numfasa, kan fasinja ya yi gaba ya dawo. A buɗaɗɗiyar hanya ba wani abin damuwa ba ne, har ma ba ta shan mai sosai. A cunkoso ake jin jiki: taka, tsaya, taka, tsaya, kuloci na ta gogawa har ya yi zafi, motar ta fara karkarwa in za ta tashi. Na farkon da aka fitar ko rarrafen nan ba su yi. In ka saki birki tsaye motar za ta yi sai ka taɓa totur. Sai da ƙorafi ya yi yawa kamfanin ya sabunta manhajar kwamfutar, ya ƙara mata wannan hali.

Hanya mafi sauƙi ta gane irin wannan giya ita ce a dubi sandar. A XRAY mai AMT za ka ga R da N da A da M, babu harafin P. Rashin P ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne. A otomatik ta gargajiya, P yana kulle akwatin giya da wani ƙarfe don kada mota ta gangara. A nan babu makullin. Wanda ya saba ajiye mota ya fita ba tare da ya ja birkin hannu ba, wata rana zai dawo ya tarar da ita a jikin katangar maƙwabci.

A gaskiya ban ɗauki AMT a matsayin mugun abu ba. Mai mota da ya san abin da ke hannunsa zai daɗe da ita: ya ɗan sassauta totur lokacin da za ta canza giya, kada ya riƙe ta a kan tudu da totur maimakon birki, ya mayar da ita N in tsayuwa ta yi tsawo. Gyaranta ma ya fi na sauran otomatik sauƙin kuɗi, tunda akwatin na hannu ne. Sharaɗi ɗaya ne ba a tsallake shi: bayan an canza faifan kuloci, dole a jona motar da kwamfutar gyara a koya mata inda sabon faifan ke kamawa. In aka bar wannan, sabon kuloci zai ƙone kafin mai shi ya huce daga kuɗin da ya biya, ya koma yana zargin bakanike da sa masa jabu.

A 2019 AvtoVAZ ya kawo wa XRAY Cross wata giyar dabam, CVT, ƙirar kamfanin Jatco na Japan, haɗe da inji mai lita 1.6 na dangin Renault da Nissan. 'Yan Rasha "variator" suke kiranta. Ita ba ta da giya ɗaya, biyu, uku. Wasu fayafai ne guda biyu masu buɗewa da tsukewa, da bel na ƙarfe a tsakaninsu. Tafiyarta sumul, babu girgiza, ta fi AMT daɗi a cikin gari nesa ba kusa ba. Amma tana da nata sharuɗɗan. Ba ta son zafi, ba ta son jan kaya mai nauyi, kuma ba ta son a maƙale a taɓo ana ba ta wuta tayoyi na juyawa a banza. Manta na musamman ne. Wanda ya zuba mata jan man giyar otomatik na gama-gari ya fara haƙa mata kabari. Idan bel ɗin ya zame ya kakkarce fayafan, gyaran kan kai kuɗin da mutum zai gwammace ya nemi wani akwatin gaba ɗaya.

Akwai kuma injin mai lita 1.8, na AvtoVAZ kansa, wanda da shi aka fara haɗa AMT a XRAY. Ya yi suna a Rasha wajen shan baƙin mai, har masu shi suka saba yawo da galan a but. Wanda aka yi wa tallar mai wannan inji, ya zaro sandar awon mai ya duba, ya kuma leƙa salansa ko tana fitar da shuɗin hayaƙi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi ga mai tunanin saye a yau shi ne an daina ƙera motar. Bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren a 2022 da takunkuman da suka biyo baya, Renault ya miƙa hannun jarinsa na kusan kashi 68 cikin 100 na AvtoVAZ ga wata cibiyar binciken motoci ta gwamnatin Rasha mai suna NAMI, a watan Mayu na shekarar, a kan rubul ɗaya tak kamar yadda aka ruwaito. XRAY ta dogara da kayan waje sosai, sai aka rufe babinta. Ƙarancin kaya ya kai ga har Lada Granta da aka ci gaba da ƙerawa a tsakiyar 2022 ta fito babu jakar iska ta kariya, babu na'urar ABS ta birki. Sai a 2024 Lada mai feda biyu ta dawo kasuwa, a jikin Vesta, da CVT ƙirar Chana. Tsohuwar masana'antar Renault da ke Mosko kuwa ta koma fitar da Moskvich 3, wadda asalinta JAC JS4 ce ta Chana da aka sauya wa tambari. Ma'ana, ko an ce maka mota "ta Rasha" ce, kayan gyaranta na iya zama na Faransa ko Japan ko Chana, ya danganta da shekarar da aka ƙera ta. Ɗalibinmu da ke karatu a Kazan ko Mosko, ya ga XRAY ta hannu da arha har ya fara lissafin turo ta gida, ya fara tambayar kansa wane shago ne a Ƙofar Ruwa ko Fanteka zai samo masa injin lantarkin da ke taka mata kuloci.

Irin waɗannan giyoyi sun riga sun iso mu da wasu sunaye. Toyota Yaris da Auris da Corolla Verso da ake shigowa da su daga Turai, wasunsu na ɗauke da MMT, ɗan uwan AMT ne. Ƙananan Suzuki irin su S-Presso da ake haya da su a Legas suna da AGS, shi ma gida ɗaya. Nissan da yawa, irin su Juke da Note, CVT ce a cikinsu. Dillali zai ce maka "otomatik ce, Alhaji," kuma bai yi ƙarya ba, feda biyu ce. Tambayar da ba ya so ita ce: wace iri?

Don haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka shiga motar, ka dubi sandar giya ko akwai P. Ka tada ta a fili, ka saki birki ka ga abin da za ta yi. Ka tuƙa ta har injin ya yi zafi, ka shiga cunkoso da ita, ka hau tudu, domin giyar da ta gaji ba ta tona kanta da sanyin safiya. Sannan ka je da bakaniken da ke da kwamfutar gyara, ba wanda mai motar ya kawo ba, kuma kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ya faɗa maka sunan giyar da inda ake samun kayanta.